Ruwan Zafin Inna Baiwa

Bubayero ya faɗo daga kan gawo ne da bazara, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, shanu ba su da abin sawa a baka sai abin da aka saro musu daga sama. Wanda ya san gawo ya san halinsa. Da damina, sa'ad da kowace bishiya take ado, shi a tuɓe yake tsayawa, sai rani ya kankama sannan ya fito da ganye da 'ya'ya. Shi ya sa makiyayan wajen Toranke suka maishe shi rumbunsu. Bubayero tun yana yaro yake hawan gawo, na gonarsu da na maƙwabta, wani da izini, wani kuma Allah dai ya yafe. Ran nan ya ɗora ƙafa a kan reshe, barandami a hannu, ashe ƙwaro ya cinye cikin reshen. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ƙanensa Usaini da wani maƙwabci suka ciccibe shi suka zaunar a kan babur, ɗaya na tuƙi, ɗaya ya rungume shi ta baya, yadda ake kai kowane mara lafiya a ƙasar nan. Haka suka yi ta dukan gargada har Gaya. A Gaya aka ce wannan sai Kano. A Kano likita ya tambayi yadda aka ɗauko shi, aka gaya masa. Sai ya ce nan gaba in mutum ya faɗo a kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, kada a lanƙwasa masa baya. Nan gaba! Ka ji likita da wani zance, sai ka ce Bubayero zai sake hawa.

Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin baya ya karye ya datse laka. Aka yi bayani mai tsawo, Usaini na ta gyaɗa kai, shi kuwa mai ciwon maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Bayan an sha jinya aka sallamo shi da keken guragu da robar fitsari, aka dawo da shi gida kafin ruwan farko ya sauka.

Daga cibiya zuwa ƙasa babu komai. Ba ciwo, ba sanyi, ba ƙaiƙayi. In ya kalli ƙafafunsa a miƙe kan katifa sai ya ga kamar wani baƙo ne ya ajiye su zai dawo ya ɗauka. Abin mamaki, zuciyar ma haka ta koma. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. Usaini ya karɓi kiwon shanun, in sun wuce ta bayan danga da safe Bubayero yana jin kukan kowace, ya san wadda ta yi, amma ko ɗaga kai ba ya yi. 'Yan dubiya su shigo su ce, "Sannu, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Su fita, wasu su shigo, ya ce, "Da sauƙi."

To, shi dama mutum ne da aka sani da dauriya. Akwai shekarar da bijimi ya soke shi a cinya, ya yage rawaninsa ya ɗaure, ya ƙarasa kiwon ranar, sai da magariba matarsa Hure ta ga jini a takalminsa. Wannan labari babu majalisar da ba a ba da shi ba daga Toranke har kasuwar Ajingi. Saboda haka da aka ga ya kwanta shiru, kowa ya ce, "Bubayero ke nan. Fulako a jininsa yake."

Sai maganar mahaifiyarsa, Inna Baiwa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan dā ce masu alkunya ta gaske. Tun da ta yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ba ta ƙara goya shi ba. Ba ta kama sunansa, sai dai "wancan" ko "mai shanun nan". Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya zo gaishe ta da safe, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita ta amsa tana kallon bango. Ya girma, ya yi aure, ya yi furfura a gemu, bai san ɗumin tafin hannun uwarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi, kowa ya san tana sonsa kamar ranta. Haka dai aka tashi aka tarar.

Amma washegarin ranar da aka dawo da shi, sai ga tsohuwar nan ta ɗora babbar tukunya a murhu, ta zuba ganyen darbejiya da runhu. Hure ta taso za ta karɓa, ta ce, "Matsa. Ni zan gasa masa."

Inna Baiwa ce ke yi wa matan unguwar wankan jego, kuma ruwanta ya yi suna. Masu jego har ɓuya suke yi in sun ji muryarta, don ita a wurinta ruwan da bai sa mutum ihu ba ruwan alwala ne. Targaɗe, sanyin ƙashi, ciwon baya, duk maganinsu ɗaya ne: a gasa. Ta shigo ɗakin da bokiti yana tururi, ta zauna a gefen katifar ɗanta, ta ɗora ƙafarsa a kan cinyarta, ta tsoma tsumma ta matse sama-sama, ta danna. Bubayero ya bi hannunta da ido. Yatsunta sun ƙanƙance, duk sun yi kanta. Bai taɓa ganinsu kusa haka ba.

"Da zafi?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

Ya ce, "Ci gaba, Inna."

Haka aka yi ta yi kullum da hantsi. Da farko ƙafafun laɓo-laɓo suke, a ɗaga su faɗi. Sai wata safiya, bayan gero ya fara rufe ƙasa, ta danna tsumman a tafin ƙafar dama, ƙafar ta yi zillo, gwiwa ta lanƙwashe, ta kusa kifar da bokitin.

Kai! Hure da ke tsaye da ƙwarya ta sake ta a ƙasa. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa tun ba ta ga komai ba. Kafin azahar labari ya kai Ajingi cewa Bubayero ya motsa ƙafa, kafin la'asar wasu sun ce ya miƙe tsaye. Inna Baiwa kuwa, ranar an ga ta ci tuwo har da ƙari.

Ta gano kan abin, a ganinta. Ruwan ɗumi ba ya tashin ƙafar, sai mai zafi. Don haka ta ƙara wuta. Tun tana sirkawa har ta daina. Ta danna, ƙafa ta zabura, ta ce, "Alhamdulillahi." Ta danna ɗayar, ita ma ta zabura. In 'yan dubiya sun zo takan ce, tana kallon gefe kamar ba ɗanta take yabo ba, "Ruwan da ko ni sai da dabara nake sa hannu, amma wancan ko uhm bai taɓa cewa ba."

Shi kuwa yana kallon ƙafar tana harbawa yadda mutum ke kallon akuyar maƙwabta. Bai aike ta ba. Bai ji an taɓa ta ba. In Inna ta fita yakan tattara duk ƙarfinsa ya ce wa babban yatsa ya motsa, ya yi ta kallo har idonsa ya yi ruwa, yatsa na nan yadda yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Bubayero ya sani sarai. Amma da wane baki zai faɗa? Matar da ta shekara arba'in da wani abu tana amsa gaisuwarsa ta bango, yau ga ta zaune a katifarsa kullum, ƙafarsa a cinyarta, har takan ɗan yi masa hira, ta ce saniyar nan mai ƙaho ɗaya ta haihu, ta ce gyaɗar bana ta yi kyau. Wannan zaman shi kaɗai ne abin da ya rage yana ji. Ya san ran da ya ce ba ya jin ruwan, ranar tukunya za ta sauka, ya kuma san abin da zai sauka tare da ita. Sai ya ja bakinsa.

Fatar ta fara yin ja, ta yi bororo, bororon ya fashe. Inna ta ce mugun ruwa ne ke fita, ta shafa man shanu ta rufe da zane. Hure ta ga abin bai yi mata ba, amma wace suruka ce za ta ce wa Inna Baiwa ruwanta ya yi zafi? Ta kai ƙarshe dai ta ɓuya a bayan rumbu ta buga wa ƙanwarta waya.

Afra'u ke nan, ƙanwar Hure, ma'aikaciyar jinya ce a Gaya. Tsakaninta da mijin yayarta, wanda take kira Hamma, akwai wasa tun tana 'yar firamare, ita ce kaɗai a dangin ke iya gaya masa magana son ranta. Ta sauka daga babur da jakarta, ta yi sallama tun daga zaure.

"Ina Bafulatanin nan da ya ga aikin damina ya zo ya ƙirƙiro kwanciya? Hamma, wallahi an gano ka, tsoron fartanya ne."

Ya ce, "'Yar birni, an tuna da mu?"

"Birnin Gaya ba! Bari in ga ƙafafun da ake ta labari har a tasha."

Ta yaye zanen tana dariya. Dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta je ta saki labulen ƙofa, ta dawo ta tsuguna. Ƙaurin dama ya saluɓe tun daga ƙasan gwiwa. A dunduniyar hagu akwai rami, gefensa ya yi fari, yana wari kaɗan-kaɗan.

"Innalillahi. Hamma, wannan ƙuna ce."

"Inna ta ce mugun ruwa ne."

"Ƙuna ce, irin ta wanda ya faɗa a tafasasshen ruwa. Mutum mai ji, ko waye shi, ko jikan wa, ba zai zauna a yi masa wannan kullum ba." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ba ka ji, ko?"

Ya ce, "Amma tana motsi. Kowa ya gani."

"Tana motsi. Kai ka motsa ta?"

Ya kalli babban yatsan ƙafarsa.

Afra'u ta buɗe jaka ta fito da auduga da ruwan wanke ciwo, ta fara aiki tana magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce abin hawa uku ne. Akwai ƙwaƙwalwa a cikin kai. Akwai laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Daga lakar kuma jijiyoyi suka fita hagu da dama, suka rarrabu har ƙarshen yatsu. Wasu jijiyoyin labari suke kaiwa sama, zafi ne, sanyi ne, ƙaya ce. Wasu kuma umarni suke kawowa ƙasa, ɗaga, sauke, taka. Duk ta cikin laka suke wucewa, masu hawa da masu sauka.

"Ka taɓa dafa murfin tukunya mai zafi ba ka sani ba?"

"Wa bai taɓa ba?"

"Kafin ka ji zafin ai ka riga ka janye hannu. To ba kai ka janye ba, laka ce. Abin gaggawa ba ta jiran ƙwaƙwalwa, da labari ya iso ta sai ta mayar da amsa nan take, daga baya saƙo ya ƙarasa sama ka ce wash. Kai naka, Hamma, lakar ta katse a nan." Ta nuna tsakiyar bayanta. "Guntun da ke ƙasa da wurin yana nan da ransa, yana aikinsa. Kamar garke ne da kogi ya raba shi da mai shi. Shanun na nan, in ƙuda ya cije su za su yi harbi, amma kiranka ba ya isa gare su, kukansu ba ya isowa gare ka. Ruwan Inna ya taɓa fata, laka ta janye ƙafa, labarin ya tsaya a nan."

"Da farko ai ba ta yi."

"Haka yake. Bayan buguwa lakar takan yi tsit na wani lokaci, sannan wannan zaburar ta dawo. Ko ba a gasa ba za ta dawo."

Ya kalli rufin ɗaki. Ya nemi baƙin ciki a ransa bai samu ba, sai wani fili fetal. Ya ce, "To."

"Ba 'to' ba ce. Ciwon nan na dunduniya in ya ci ya kai ƙashi, zai shiga jini. Na ga waɗanda faɗuwar ba ta kashe su ba, gyambo ya kashe su. Daga yau ko ruwan ɗumi sai an gwada da gwiwar hannu. Zan gaya wa Inna kafin in tafi."

"A'a."

"Hamma!"

"Ba za ta ji daga bakinki ba. Za ta ce 'yan asibiti dama sun ce ba zan tashi ba, kunya ce ta kama su. Kuma ba a gaban mutane ba." Ya numfasa. "Ni zan faɗa mata."

Afra'u ta naɗe ƙafafun da bandeji, ta koya wa Hure yadda za ta riƙa juya shi da wanke ciwon. A bakin ƙofa ta juyo, ta buɗe baki za ta yi tsokanar sallama yadda ta saba, ba ta samu ko ɗaya ba, ta fita.

Washegari da hantsi ya ji ana faskare. Ya ji ƙarar murfin babbar tukunya, ƙamshin darbejiya ya shigo ɗakin. Hure ta leƙo ta dube shi, ya kawar da kai, ta koma. Can sai ga Inna Baiwa da bokiti, tana tafe tana karkacewa saboda nauyi. Ta ajiye, ta zauna a wurinta, ta ga bandeji ta taɓe baki.

"Yarinyar nan ta zo ta ɗaure ƙafa kamar kayan kai kasuwa. Ina iska za ta shiga?"

Ta fara warwarewa. Mutumin da bijimi ya soka bai yi gezau ba, yau ga shi gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta gama kwance ta dama, ta ɗora a cinya, ta tsoma tsumma. Tururi ya rufe mata fuska.

"Inna."

"Uhm."

"Kada ki sa."

Hannunta ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga a bokiti. Wani abu kamar murmushi ya gilma a fuskarta. "Yau ka ji zafi ke nan? To ai sauƙi ne. Bari in sirka."

"Ba na ji, Inna. Ban taɓa ji ba. Tun ran da na faɗo."

"Dauriya ce dai irin taka."

"Ba dauriya ba ce. Babu abin da zan daure wa."

"Ƙafar da ke harbi a gabana? Da idona fa."

"Ita kaɗai take yi. Ba ni ba ne."

Ta dube shi. Tunda yake bai taɓa ganin ƙwayar idon uwarsa a kansa haka ba. Sannan ta saki tsumman a cikin bokiti, ta ce, "Yarinyar nan ce ta cusa maka. Ni na haife ka, ba ita ba. Jikin da yake motsi yana ji." Ta zare mayafinta daga kafaɗa ta yafa masa a fuska. "Kada ka cire. Zan taɓa ka da hannu, in ka ji ka faɗi inda na taɓa. Kuma ban da fulako, ni za ka gaya wa gaskiya."

Ya ce, "To, Inna."

Mayafin na warin hayaƙi da man shanu. Ta cikinsa hasken ƙofa kawai yake gani dishi-dishi. Ya kasa kunne ga jikinsa. A karo na farko tun da aka dawo da shi ya ji yana so, so mai tsanani, ko da ɗan tsikari ne, ko a yatsa ɗaya, ya samu abin da zai ba ta. Ya jira. Kaza na ƙyarƙyara a tsakar gida. Wani babur ya wuce ta hanyar Ajingi. Ruwan bokiti ya daina ƙara. Ya yi ta jira har ya fara tunanin ko ta fasa, ko tana addu'a ne tukuna.

Ya ce, "Inna, kin fara?"

Ya sake jira kaɗan, sannan ya ɗaga gefen mayafin.

Ƙafarsa na cikin hannayenta biyu. Ta damƙe ta da iyakar ƙarfinta, har jijiyoyin wuyanta sun tashi, faratanta sun nutse a naman tafin, kuma ga shaidar farce nan jere tun daga gwiwa, wuri bayan wuri, inda ta bi tana nema. Kanta a sunkuye yake. Hawaye na sauka daga haɓarta suna ɗiga a kan yatsunsa, yana ganinsu suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya.

Ya mayar da mayafin ya rufe fuskarsa, don kada ta ɗago ta ga ya gani.